Amsoshin Tambayoyinku: Kayan da Aka Rubuta wa "Folding"

Wata Hajiya mai ba da hayar kujerun biki a Zariya ta ce ta ga an rubuta "folding chair" a jikin kwali, tana tambaya ko wani kamfani ne, kuma ko ta saya.

Hajiya, ba sunan kamfani ba ne. Kalmar "fold" a Turanci tana nufin ninkewa, wato kujera ce da ake ninke ta a jingine a bango idan an tashi daga taro. Tana rage cin wuri a shago da cikin a-kori-kura, amma rauninta yana wurin ƙusar da ta haɗa ƙafafuwan, kuma kin san 'yan biki ba sa tausayin kayan haya. Ki buɗe ta ki rufe sau da yawa, ki zauna a kai ki jijjiga kafin ki biya. Idan ƙarfen siriri ne, kujerar roba da kika saba da ita ta fi miki.

Wani dattijo kuma ya rubuto hankalinsa a tashe, cewa an aiko masa da saƙo wai kamfanin da ya zuba wa kuɗin fanshonsa "has folded up".

Baba, Allah ya mayar da alheri. A harkar kasuwanci wannan kalma tana nufin kamfanin ya durƙushe ya rufe ƙofa. Ku adana rasit da duk saƙonnin, ku nemi lauya, kuma kada ku ba kowa ko sisi da sunan zai karɓo muku kuɗin, domin masu irin wannan alkawari sukan biyo bayan wanda aka riga aka cuta. Wanda ya yi muku alkawarin riba "tenfold", wato ninki goma, daga saiwar kalmar nan ya ɗauko ta.

Sai wani ɗalibi da ke son sayar da babur ɗinsa ya sayi wayar da ake ninkewa, domin an yi masa tayin wata da araha.

Ɗana, wannan tambaya ba ta yi mini daɗi ba. Babur yana kai ka makaranta, yana iya kawo maka na cefane, wayar kuwa abokai za su kalla kwana biyu su manta. Samsung ya fitar da Galaxy Fold a 2019, kuma sai da ya ɗage fitar da ita daga Afrilu zuwa Satumba saboda allon ya riƙa lalacewa a hannun waɗanda aka ba gwaji. Tecno ya biyo da Phantom V Fold a 2023. An samu ci gaba tun lokacin, amma har yanzu allon ciki mai laushi ne, farce ma yana iya yi masa tabo, kuma jure ƙura shi ne inda irin waɗannan wayoyi suka fi rauni. Wasunsu an rubuta musu IPX8, wato alamar jure ruwa, amma harafin X ɗin nan yana nufin ba a ba su wani matsayi na jure ƙura ba. Ka tuna hunturunmu, ka tuna yashin da ke shiga aljihu. Ranar da allon ya fashe, kuɗin canza shi zai iya saya maka sabuwar waya ta talaka, kuma ba kowane mai gyara ne zai yarda ya taɓa ta ba.

Arahar da aka yi maka ita ce ta fi damuna. Kasuwa cike take da jabu waɗanda aka buga wa "Fold" a kwali, ciki kuwa allo biyu ne da aka maƙala da juna, ko tsohuwar waya da aka sake wa riga. Idan ka nace, ka danna *#06# ka ga ko lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, ta yi daidai da ta kwali, ka buɗe wayar ka tabbata allon ɗaya ne ba tsaga a tsakiya, ka kuma karɓi rasit mai garanti. Babur ɗin dai ka bar shi inda yake.