Kun Tambaya, Mun Amsa: Mako Uku na Aikin Bishara a Ƙasar Habasha

Wasiƙun wannan wata sun fito ne daga 'yan wata tawaga da ikilisiyarsu ke shirin turawa kudancin Habasha na mako uku. Mun zaɓi biyar daga ciki.

Masu masaukinmu 'yan ikilisiyar Kale Heywet ne a yankin Wolaita. Sun aiko mana da jadawali, an rubuta karin kumallo ƙarfe 1, sujada ƙarfe 3, shekarar ma ba tamu ba ce. Kuskuren rubutu ne? (Dattijon ikilisiya, Kafanchan)

Baba, ba kuskure ba ne, kuma gara da ka tambaya tun kana gida. Mutanen Habasha suna fara ƙirga awannin yini ne daga fitowar rana. Shida na safe a wurinsu ƙarfe 12 ne, bakwai na safe ƙarfe 1, tsakar rana ƙarfe 6. Ashe karin kumallonku bakwai na safe ne, sujada kuma tara. Ka ƙara shida a kan abin da suka faɗa, in ya wuce 12 ka cire 12.

Tangarɗar takan fito ne daga mai son kyautata wa baƙo. Direba ya riga ya juya muku lokacin zuwa irin namu, ya ce ƙarfe 8, ku kuma ku sake ƙara shida. Ya iso takwas na safe, ku kuna jiran biyu na rana, an yi asarar wuni guda. Duk lokacin da aka sa muku, ku tambaya: na Habasha ko na ferenji, wato na baƙi? Sannan ku haɗa da wata alama, kafin abincin rana ko bayansa.

Shekararsu wata 13 ce: goma sha biyu masu kwana 30, sai ƙaramin wata mai suna Pagume mai kwana 5 ko 6. Sabuwar shekara na kamawa ranar 11 ga Satumba, wani lokaci 12. Daga nan zuwa ƙarshen Disamba suna bayanmu da shekara 7, daga Janairu kuma da 8, shi ya sa a Satumban 2007 suka yi bikin shiga shekara ta 2000. Kirsimeti ranar 7 ga Janairu ce. Agogon wayarku kuwa zai wuce na Najeriya da Nijar da awa biyu, ku tuna da wannan in za ku kira gida.

Cikina ba ya son baƙon abinci. Zan iya tafiya da nawa in riƙa dafawa a masauki? (Wata 'yar zumuntar mata, Gombe)

Mama, ki tafi da ɗan garin kunu da ƙuli-ƙuli don dare, amma kada ki kafa tukunyarki daban. A can, kamar a nan, wanda ya ƙi cin abincinka ya ƙi ka. Ubangiji ma da ya aiki almajiransa cewa ya yi su ci abin da aka sa a gabansu, kamar yadda yake a Luka 10:8.

Abincin yau da kullum shi ne injera, wata faffaɗar waina mai ƙananan ramuka a fuska. Da garin tef ake yin ta, hatsi ne ƙanana kamar acca, ana barin ƙullin kwana biyu ko uku ya yi tsami. A kan faifai ɗaya ake shimfiɗa ta, a zuba miya iri-iri a kai, kowa ya gutsura da hannun dama ya naɗe miyar ya kai baki. Za a zagayo da buta da kwano a wanke hannu kafin ci da bayan ci. Ki ci daga ɓangaren da ke gabanki. Tsamin ne yakan dami ciki a farko, don haka ki fara da kaɗan, ki nemi shiro, miyar garin wake ce mai laushi, kafin ki kai ga doro wot, miyar kaza mai barkono da man shanu. A Wolaita za ki haɗu da kocho kuma, wanda ake yi daga enset, wata shuka mai kama da ayaba.

Abu uku za su zo miki ba shiri. Na farko gursha: uwargida za ta naɗo loma da hannunta ta kai bakinki. Girmamawa ce babba, ki buɗe baki ki karɓa, in kin saba ki rama. Na biyu ɗanyen nama, kitfo ko tere siga, wanda ake fitarwa don babban baƙo. Wannan kam muna ba ki shawara ki nemi a dafa miki naki sosai, saboda tsutsar ciki, kuma ba a jin haushin hakan in kin faɗa da fara'a tun kafin a kawo. Na uku shan buna, wato kofi. A gabanki za a soya 'ya'yan, a zagayo da kaskon ki shaƙi ƙamshin, a daka, a dafa a tulun ƙasa mai dogon wuya da ake kira jebena, a zuba a ƙananan kofuna tare da guguru. Zagaye uku ake yi, abol da tona da baraka, kuma yakan ci awa guda ko fiye. Tashi bayan kofin farko don "muna da shiri" babban rashi ne, domin a wannan zaman ne mutane suke buɗe cikinsu. Shugaban tawaga ya sa wa kowace ziyarar gida awa biyu, kuma kada ta wuce gida uku a wuni.

Idan aka miƙo miki wani abu ruwan ɗorawa a kwalba mai dogon wuya, ki tambaya. Tej giyar zuma ce, birz kuma ruwan zuma ne da ba ya bugarwa.

An ce yawancinsu 'yan Otodoks ne, ba su san bishara ta gaskiya ba. Yaya zan fuskance su a wa'azi? Kuma ban taɓa wa'azi da tafinta ba. (Ɗalibin makarantar Littafi Mai Tsarki, Jos)

Ɗan'uwa, ka ajiye wannan magana a gida kafin ka hau jirgi. Kiristanci ya kafu a daular Aksum tun ƙarni na 4, zamanin Sarki Ezana. Wurin sarkin Kirista na wannan ƙasa, Najjashi, Musulmin farko suka yi hijira suka sami mafaka. A ƙidayar 2007, 'yan Otodoks sun kai kashi 43 cikin 100, Musulmi kusan 34, 'yan Furotesta sama da 18. Masu masaukinka ma ba sababbin shiga ba ne. Kale Heywet da ECWA uwa ɗaya ta haife su, wato ƙungiyar mishan ta SIM, wadda ta shiga Habasha a 1927. Da Italiya ta mamaye ƙasar, 'yan mishan suka bar Wolaita a 1937, masu bin da aka yi wa baftisma ba su kai ɗari ba. Da suka dawo bayan 'yan shekaru sai suka tarar da dubbai, kuma 'yan ƙasa ne suka yi aikin cikin ɗauri da bulala. Jikokin waɗannan mutane za ka tsaya gabansu. Ka shirya sauraro kamar yadda ka shirya magana.

Tsakanin 'yan Otodoks da waɗanda suke kira Pente, wato 'yan Furotesta irin masu masaukinka, akwai tsohon miki, kuma baƙo na iya fama shi da jimla ɗaya. Kada ka taɓa Maryamu, ko tsarkaka, ko azuminsu da mummunar kalma, a kan bagadi ko a hira. Kai za ka tafi bayan mako uku, fastocin wurin ne za su zauna da maƙwabtan da ka ɓata wa rai. Suna azumi Laraba da Juma'a, da kwana 55 kafin Ista, ba nama ba madara ba ƙwai, saboda haka kada ka kai musu irin wannan tsaraba a ranakun. In an gayyace ka majami'arsu, cire takalmi a ƙofa, mata su yafa gyale, maza gefe guda mata gefe guda.

Game da tafinta: ku zauna tare daren da ya gabata, ka ba shi ayoyinka a rubuce. Wa'azin minti 20 zai zama 40, sai ka rage tun farko. Faɗi magana cikakkiya, gajera, ka tsaya. Rabin jimla yakan ɗaure shi, domin a Amharik, babban harshen ƙasar, aikatau a ƙarshe yake zuwa. Ka bar karin magana, ba ta tsallake harshe biyu lafiya. A tsohuwar fassarar Amharik lambar Zabura da dama tana bayan tamu da ɗaya, ta 23 ita ce 22, don haka ka karanta farkon ayar ya tabbatar. Ka kuma tambaya ko Amharik za a yi ko harshen Wolaita, don tsofaffi a ƙauye nasu suka fi ji.

In kana magana ka ji mai sauraro ya ja numfashi ciki da ɗan sauti kamar ya firgita, "e, ina jinka" yake nufi. Kalmar ishi kuma kamar "to" ɗinmu take, ba kullum take nufin an yarda ba. Suna da kara sosai, da wuya su ce wa baƙo a'a a fuska. Maimakon "mu yi taro gobe?", ka ce "wace rana kuka saba yi?"

Ni ce mai kula da lafiyar tawagar. Me zan tanada? (Ma'aikaciyar jinya, Zariya)

'Yar'uwa, tudu ne abin lura na farko. Addis Ababa ta haura mita 2,300 sama da teku, Jos kusan 1,200 ce, Kano ba ta kai 500 ba. Ciwon kai, haki da rashin barci sukan zo a kwana biyun farko, saboda haka kada a sa aiki mai nauyi a ranakun, a sha ruwa da yawa. Mai sikila, ko ciwon zuciya, ko asma ya ga likita kafin a sayi tikiti. Kowa ya riƙe katin rigakafin shawara, a yi allurar aƙalla kwana 10 kafin tashi. Dare na da sanyi, damina kuma Yuni zuwa Satumba ce, sai a ɗauki rigar sanyi da takalmin taɓo. A ƙasa-ƙasa, irin su Arba Minch, akwai zazzaɓin sauro, a tafi da gidan sauro da maganin kariya. Ruwan kwalba ko tafasasshe kawai za a sha. In gudawa ta kama wani: ruwa lita ɗaya, sukari cokalin shayi shida, gishiri rabin cokalin shayi.

Akwai kuma gajiyar zuciya. Bayan murnar kwanakin farko mutum yakan fara jin haushin komai, ya riƙa cewa "a wurinmu ba haka ake yi ba". Ku zauna minti 20 kowane dare ku kaɗai, kowa ya faɗi abin da ya dame shi, ku yi addu'a. Kada a yi gunaguni da Hausa a gaban masu gida, ba sa jin harshen amma suna ganin fuska.

Na tara kuɗi da kayan sawa don rabawa yara, kuma ina son ɗaukar hotuna don nuna wa ikilisiya. (Shugabar matasa, Kaduna)

Allah ya saka miki, amma kada ki raba da hannunki a titi. Yara goma za su zama hamsin, ƙanana su sha turmutsutsu, waɗanda ba su samu ba su koma gida da kuka. Ki miƙa kayan ga dattawan ikilisiya a gaban mutum biyu, su suka san marayu da gwauraye. Kada ki ce wa kowa "zan duba maganar kuɗin makarantarka", don alkawari zai ɗauke ta, ya yi ta jira. In kin ga buƙata, ki rubuta ki kai wa kwamitinku a gida.

Hoto kuma sai da izini, na yaro sai da yardar iyayensa, kuma kada ki ɗauki mara lafiya ko mai bara don Facebook. Ki kawar da waya daga sojoji, shingen bincike da gine-ginen gwamnati. Akwai yankunan da ke fama da rikici, musamman a Amhara da wasu sassan Oromiya, don haka in masu masauki suka ce a fasa wata tafiya, a fasa. Wajen gaisuwa ki miƙa hannun dama, na hagu na tallafe da shi, ki ɗan rusuna. Namiji ki kira shi Ato, matar aure Woizero, ki haɗa da sunansa na farko, domin na biyun sunan mahaifinsa ne.