Hoton jirgi da zanen wani: sai da izini

Malam, ka tambaya ko akwai laifi ka ɗauko hoton jirgin sama na horaswa da ka gani a Facebook, da wani zanen jirgi na fenti, ka ɗora a shafinka. Gaskiya kada ka ɗora sai ka nemi izinin masu su.

Mu nan Zariya mun tashi da ƙarar ƙananan jiragen kwalejin koyon tuƙin jirgi, wadda aka kafa tun 1964, shi ya sa muke ganin hotunansu kamar na kowa ne. Jirgin ba na mai kyamara ba ne, amma hoton guminsa ne. Ƙanena yakan tsaya ta wajen Palladan tun da sanyin safiya, kai a sama har wuya ya ƙage, ya ɗauki hoto talatin kafin ɗaya ya fito yadda yake so. Ranar da ya ga an yanke sunansa daga ƙasan hoton an saka a tallar wani, wallahi ko abinci bai iya ci ba.

Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta kare hoto shekara 50 bayan fitar da shi, zane kuwa har shekara 70 bayan rasuwar wanda ya zana shi. Rubuta "an kwafo" a ƙasa ba izini ba ne.

Ka tura wa mai hoton ko zanen saƙo, yawancinsu za su amince da murna. In ya yarda, ka bar tambarinsa, ka rubuta sunansa cikakke. In bai amsa ba, danna maɓallin rabawa daga shafinsa, yadda masu kallo za su iske shi can.