Tambaya da Amsa: Shaidar Wayarin da Lafiyar Tukunyar Gas

Tambayoyin wannan makon sun taru a kan wutar lantarki da gas na girki. Masu aikin wayarin da masu aikin gas ne suka amsa su.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kammala ginin gidana, mai wayarin ya gama aikinsa, mun tayar da janareto kowane ƙwan fitila ya kama. Sai wani ya ce sai na nemi takardar shaida kafin kamfanin rarraba wuta na KEDCO su jona mini wuta. Wace takarda ce, kuma wa ke ba da ita?
Magidanci daga Kano

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, Alhaji. Wanda ya faɗa maka haka ya yi gaskiya. Hukumar da ke kula da wannan ita ce NEMSA, wadda aka kafa da dokar 2015, dokar wutar lantarki ta 2023 kuma ta bar mata aikin. Ita ke jarraba masu wayarin ta ba su shaidar ƙwarewa. Ƙa'idojin aikin kuwa suna cikin kundin NESIS, wanda NERC, hukumar da ke tsara harkar wutar lantarki, ta fitar a 2015. A ƙa'ida, kamfanin rarraba wuta ba ya jona sabon gida sai ma'aikaci mai shaida ya gwada aikin ya sa hannu. Ka nemi ganin shaidarsa da idonka, ka tabbatar sunansa ne a jiki, wa'adinta kuma bai ƙare ba. Shaidar maigidansa ba tasa ba ce. In wanda ya yi maka aikin ba shi da ita, ɗauko mai ita ya gwada.

Kamawar fitila ba gwaji ba ce. Gidan da babu wayar ƙasa (wadda ke kai wutar da ta zurare cikin ƙasa) ko ɗaya a cikinsa, fitilunsa za su kama lafiya lau, har ranar da firji zai ja yaro. Gwaji na gaskiya da na'ura ake yin sa, kuma lambobi yake fitarwa.

Ana farawa ne da wuta a kashe. A bi kowane soket a tabbatar wayar ƙasa, wato atin, ta iso shi ba ta yanke a hanya ba. Sai a auna robar da ta rufe wayoyin da na'ura mai tura bolt 500. Awon kada ya gaza om miliyan 1 (om shi ne ma'aunin yadda abu ke tare wuta), kuma sabon aiki mai kyau yakan zarce haka nesa ba kusa ba. In ya yi ƙasa, to an gurje waya wajen jan ta cikin bututu, ko ƙusa ta same ta, ko ruwan filasta ya shiga akwati. Sannan a duba cewa kowane makunni wayar da ke ɗauke da wuta yake yankewa, ba nutural ba, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta. In aka juya su, za ka kashe fitila ka hau kujera canja ƙwai alhali mazauninsa na da wuta.

Inda muka fi ganin ha'inci shi ne sandar atin. Sanda ce mai rufin jan ƙarfe, ƙafa 4 zuwa 6, da ake kafawa a ƙasa. Dole a auna ta. Awon da ya haura om 200 ba abin dogaro ba ne, ƙasa da haka sosai ake so. A ƙasarmu mai rairayi, sandar da ta ba da awo mai kyau a watan Agusta tana iya zama ba ta da amfani a Fabrairu, lokacin da hunturu ya busar da ƙasa. Saboda haka awon rani shi ne na gaskiya. Gishiri da gawayi da ake zubawa a ramin suna sauko da awon na ɗan lokaci, amma gishirin na cin sandar da maɗaurinta. Gara a ƙara zurfi, ko a kafa sanda ta biyu da tazarar da ta kai tsawon sandar, a haɗa su.

Na ƙarshe shi ne RCD, wato na'urar kare mutum daga jan wuta, mai miliamfiya 30. Bireka mai amfiya 20 waya yake karewa daga ƙonewa. Wutar da za ta kashe mutum ba ta kai ko kusa da abin da zai faɗar da shi ba. RCD shi ke jin wuta ta zurare ta jikin mutum ya yanke, kuma a gwaji dole ya faɗi cikin kashi 3 bisa 10 na sakan. Duk waɗannan lambobi su fito a rubuce, layi bayan layi. Takardar da babu awo a jikinta, sai hatimi da sa hannu, kada ka biya kuɗinta.

Tambaya: Soket ɗin na'urar sanyaya ɗakina ya yi baƙi, yana warin roba. Na canja shi sau biyu, abin bai daina ba.
Wani ɗan kasuwa daga Kaduna

Amsa: Malam, kashe birekan layin yau ɗin nan, kada ka jira. Laifin ba na soket ba ne. Ko dai wayar ta yi ƙanƙanta, ko ba a ɗaure ta tam ba, ko jabu ce. Abin da aka saba shi ne waya mai kaurin 1.5 ga fitilu da fanka, 2.5 ga soket, 4 ga na'urar sanyaya ɗaki da hitar ruwa, 6 ga murhun lantarki, kuma manyan kayan nan kowanne da layinsa da birekansa tun daga akwatin rarraba wuta. A yanko guntun wayar a kankare ta da wuƙa. In cikinta ya fito fari, alminiyum ne aka shafa wa jan ƙarfe. Ba ya ɗaukar wutar da jan ƙarfe mai kaurinsa ke ɗauka, kuma yana sakin jiki a ƙarƙashin noti, daga nan zafi ke farawa. In haka ne, sai an zare layin gaba ɗaya. Kada ka yarda a sa maka bireka mafi girma don ya daina faɗuwa. Gobarar silin da yawa daga nan take tashi.

Tambaya: Tukunyar gas ɗina mai kilo 12.5 tun ta aurena ce, gindinta ya fara tsatsa. Mai gas bai taɓa cewa komai ba. Ita ma tana da wa'adi?
Uwargida daga Sakkwato

Amsa: Tana da shi, Hajiya. A ma'aunin SON, hukumar kula da ingancin kaya, shekara 15 ne iyakar rayuwar tukunya, kuma ana sake gwada ta duk shekara 5. Ki duba jikin mariƙinta na sama, akwai shekarar ƙira da nauyin tukunyar babu gas. Tsatsar gindi, lotsewa, ko alamar walda bayan ta kamfani, kowanne ya isa a ajiye ta ko da wa'adin bai cika ba.

Ki riƙa cikawa a wurin da ke da lasisin NMDPRA, hukumar kula da harkar mai da gas, a kan sikeli: nauyin tukunya babu gas a haɗa da kilo 12.5, kada ya wuce. Ba a cika tukunya maƙil, ana barin wajen kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, domin ruwan gas yana kumbura da zafi. A zafin Sakkwato na watan Afrilu, "gyara" da mai gas zai ƙara miki ba alheri ba ne.

Duk lokacin da kika ɗaura regileta, ki shafa ruwan sabulu a bakin tukunyar da bakunan tiyo biyu. Kumfa mai tasowa yoyo ne. Ashana ba abin gwaji ba ce. Tiyon ya zama na gas, ba na ruwa ba, kada ya wuce mita 2, da maɗaurin ƙarfe a kowane baki, a canja shi da zarar ya taurare ko ya fara tsagewa. Harshen wuta shuɗi ake so. In ya koma ruwan ɗorawa yana baƙanta tukunyar girki, kan murhun ya toshe ko iska ba ta isa.

Gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, kuma kashi 2 cikin ɗari kacal a iskar ɗaki ya isa ya kama. In kin ji warinsa, ki rufe tukunyar, ki buɗe ƙofa da tagogi, ki fitar da yara. Kada ki taɓa makunnin lantarki, ko kunnawa ko kashewa, domin tartsatsin cikinsa ya isa.

Tambaya: Ina so in ajiye tukunya mai kilo 50 a waje, a jawo bututu zuwa kicin. Mai aikin famfona ya ce zai iya.
Mai gidan abinci daga Zariya

Amsa: Fitar da tukunyar waje daidai ne, amma aikin ba na mai famfo ba ne sai in ya koyi aikin gas. Bututun jan ƙarfe ko na ƙarfe ake sawa, ba robar ruwa ba. Inda zai ratsa bango a zura shi cikin wani bututun, kuma kada gaɓa ta faɗa cikin bango. A sa makulli kusa da murhu inda hannu zai kai. Tukunyar ta tsaya a tsaye cikin inuwa, a keji mai shan iska ta ƙasa, nesa da kwata, soket da janareto. Kafin a saki gas, a cika bututun da iska, a rufe, a sa ma'aunin matsi a ga allurar ba ta sauka ba. Mai aikin ya rubuta maka matsin da ya sa, mintocin da ya jira, da kwanan wata, ya sa hannu. In za ka sa na'urar jin yoyo, kusa da ƙasa ake kafa ta, kamar santimita 30 daga daɓe.