Gyaɗar ƙamshi dai ba gyaɗa ba ce

Wata baiwar Allah daga Zariya ta turo tambaya, wai me ya sa ake cewa gyaɗar ƙamshi, kuma in ta shuka wadda ta siyo a kasuwa a bayan gida za ta fito?

To malama, Bahaushe in baƙon abu ya zo masa ba ya wahalar da kansa, sai ya duba wani abu da ya sani mai kama da shi ya ara masa suna ya liƙa wata kalma a gaba, kamar dai dankalin turawa. Ƙwaya ce cikin ɓawo ga ƙamshi, shikenan suna ya samu. Larabawa ma hakan suka yi, jauzatuɗ ɗib, wato ƙwaya mai ƙamshi. Amma fa kama da wane ba ta wane, ma'ana kamanni ba ya sa abu biyu su zama ɗaya, kuma nan karin maganar ta zauna daram.

Gyaɗa a ƙasa take 'ya'ya, wata huɗu an cire. Ita wannan bishiya ce sukutum, asalinta tsibiran Banda a Indonesiya, ruwa take so da danshi kusan duk shekara, sai ta shekara 7 zuwa 9 kafin ta fara 'ya'ya kuma akwai mace akwai namiji, ba a gane su sai sun yi fure, kin ga mutum na iya shekaru yana ban ruwa ashe namiji yake raino. Ɗan in ya nuna da kansa yake tsagewa, a fitar da ƙwayar a shanya wajen sati 6 zuwa 8 har sai an girgiza an ji tana motsi cikin ɓawon. Ta kasuwa ta riga ta bushe ba za ta tsiro ba, ko ta tsiro ma hunturun Zariya ba zai bar ta ba. Abin dariya, a 1667 Holland ta haƙura wa Ingila da Manhattan, tsibirin da ke birnin New York na Amurka a yau, ita ta riƙe ɗan tsibirin Run na Banda mai wannan bishiyar.

Sai dai ki kula a wajen mai kayan ƙamshi, sunan abu biyu yake ɗauka. Akwai ta dazukan kudu da Ibo ke kira ehuru, ta farfesu kenan, ita kuwa wadda ake gogawa a cincin da kek ita ce baƙuwar. Kaɗan ake sawa don Allah, in ta yi yawa jiri take sawa.