Ga ɗan'uwan da hankalinsa ke tafiya gona in yana addu'a

Ɗan'uwa, ka ce bakinka na addu'a amma zuciyarka na gona. Ni ma na sha wannan. A ƙauyenmu wajen Sumaila, da damina nakan durƙusa a majami'a ina lissafin kuɗin taki.

Abin da ya taimake ni, na daina korar tunanin. In taki ne ya dame ni, sai in faɗa wa Allah Uba maganar takin, da bashin, da tsoron fari. Dubi Hannatu, matar da ke roƙon Allah ya ba ta ɗa, a 1 Sama'ila 1: leɓunanta kawai ke motsi, har Eli firist ya zaci ta bugu, amma ainihin damuwarta ta zuba, Ubangiji kuwa ya ji ta.

Gwada da asuba, kai kaɗai, kafin ka saɓi fartanya.