Wace Kyamara Zan Fara Saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Zariya, na shekara biyu ina ɗaukar hoto da waya, yanzu kuma abokai sun fara kirana bikin aure da suna. Na tara ’yan kuɗi, amma na rasa wadda zan zaɓa tsakanin sabuwar Canon EOS R100 da Nikon D3500 ta hannu da wani ya yi mini tayinta. Mai shago ya ce in duba yawan megafiksil kawai.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Maganar megafiksil ba za ta raba maka gardama ba, domin kyamarorin biyu kowacce tana da megafiksil kimanin 24, wato ƙananan ɗigo miliyan 24 da ke haɗuwa su zama hoto, kuma allon da ke karɓar haske a cikinsu kusan girmansu ɗaya ne. Ko an wanke hoton amarya an sa shi a babban firam, ba wanda zai iya cewa daga wace kyamara ya fito.

Inda suka sha bamban shi ne batir, kuma a ƙasarmu wannan babbar magana ce. Nikon D3500, wadda ta fito a 2018, irin tsohon ƙira ce mai madubi a ciki, kuma kamfanin ya auna batirinta a kan hoto 1,550 a caji ɗaya. R100 ta 2023 ba ta da madubi, duk abin da kake gani ta allon lantarki kake ganinsa, shi ya sa batirinta yakan ƙare bayan ’yan ɗaruruwan hotuna. Ka tuna yadda ranar biki take: ɗaurin aure da hantsi, wuni da la’asar, kai amarya bayan isha’i, ga shi wataƙila unguwar ta kwana biyu babu wuta. Idan ka ɗauki Canon, sai ka sa kuɗin batir na biyu a lissafinka tun daga farko. Amma fa Canon ɗin ita ma tana da nata fifikon, domin tana kama fuska da ido da kanta, kuma tana da wurin jona makirufo, wanda D3500 ba ta da shi. Wanda bidiyo ne rabin aikinsa ya kamata ya karkata wajenta.

Tunda hoto ka ambata, ni Nikon ɗin zan ce ka saya, da sharaɗin ta ci jarrabawa a hannunka. Ka ɗauki hoto ɗaya ka duba adadin hotunan da ta ɗauka tun da aka ƙera ta, domin D3500 tana rubuta wannan lissafi a cikin bayanan kowane hoto, kuma akwai shafukan intanet da ke karanta shi kyauta. Ƙananan kyamarori irin wannan ana ƙiyasta ƙarkonsu a wajen ɗauka 100,000, saboda haka wadda ta haura 70,000 sai farashinta ya sauka sosai. Daga nan ka cire idon kyamarar, wato gilashin gabanta da ake kira lens, ka haska shi da fitilar waya: idan ka ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo a cikin gilashin, fumfuna ce, kada ka karɓa. Ka kuma ɗauki hoton farin bango don ka ga ko akwai ɗigon ƙura da ke maimaituwa a wuri guda.

Ragowar kuɗin ka zuba shi a kan ido da haske. Idon 18-55mm da ake haɗawa da kyamara yana aiki da rana, amma a ɗakin amarya mai ƙwan fitila ɗaya sai hotunan su fito dishi-dishi. Ido mai lamba 35mm f/1.8 yana shigar da haske ninkin-ba-ninkin, yana kuma dusashe abin da ke bayan mutum a hoton ta yadda lalle da ɗaurin kallabi za su fito raɗau. Ka tabbata an rubuta AF-S ko AF-P a jikinsa, domin D3500 ba ta iya saita tsofaffin idanun Nikon da kanta. Idan hunturu ya shigo, kada ka canza ido a tsakar gida, don kada ƙura ta shiga cikin kyamarar. Ka shiga ɗaki, ka kifa bakin kyamarar ƙasa, sannan ka canza da sauri.