Me Ke Haifar da Maganaɗisun Duniya da na Rana?

Tambaya: Malam, ina shirin karatun digiri na biyu a kimiyyar sararin samaniya. Tun muna sakandare ake ce mana akwai wani ƙaton maganaɗisu a cikin Duniya, shi ke juya allurar kamfas. Gaskiya ne? Rana kuma, da ba ta da ƙasa ko dutse, ina ta samo nata?

Amsa: Ɗan'uwa, wannan zance na ƙaton maganaɗisu ya samo asali ne daga William Gilbert a 1600. A zamaninsa ya yi ƙoƙari, amma ka ajiye shi gefe. Ƙarfe yana rasa maganaɗisunsa da zarar zafinsa ya wuce digiri 770 a ma'aunin Salsiyos, kuma tsakiyar Duniya ta haura digiri 5,000. Ko da an ce tun farko aka halicce ta da shi, da ya dusashe cikin 'yan gomomin dubban shekaru. Ga shi kuwa duwatsu sun nuna ya fi shekara biliyan 3 yana nan. Ashe akwai abin da ke ta hura shi.

Abin nan shi ne dinamo. Ka tuna na keke: taya na murza shi, maganaɗisu na juyawa kusa da waya, fitila ta kama. To, na Duniya ba shi da maganaɗisun dindindin ko waya. Daga zurfin kusan kilomita 2,900 zuwa 5,150 akwai narkakken ƙarfe mai gudana kamar ruwa. Mai zafi ya taso, mai sanyi ya nutse, kamar ruwa kan wuta, juyawar Duniya kuma ta murɗe wannan tashin ya zama kamar igiya. Ƙarfe mai ɗaukar lantarki in ya ratsa ɗan maganaɗisun da ke akwai sai ya haifi lantarki, lantarkin ya haifi sabon maganaɗisu, shi kuma ya ƙara wa na farko ƙarfi. Haka suke ta ciyar da juna.

A baki abu ne mai sauƙi, a lissafi kuwa ya sha kan manya. Joseph Larmor ya kawo shawarar a 1919, yana maganar Rana. A 1934 Thomas Cowling ya tabbatar cewa maganaɗisun da ya daidaita tsaf a kewayen sandar juyawa ba zai iya riƙe kansa ba. Ma'ana, dole maganaɗisun ya zama ba a daidaice tsaf yake ba. Eugene Parker ya nuna a 1955 yadda murɗaɗɗen tashin nan ke cike giɓin. Sai a 1995 Gary Glatzmaier da Paul Roberts suka kwaikwayi dinamon Duniya a kwamfuta, har arewa da kudunsa suka sauya wuri da kansu. A zahiri ma haka ke faruwa. Sauyin ƙarshe ya faru kusan shekara 780,000 da suka wuce.

Rana ba ƙarfe take amfani da shi ba, iskar gas ce da zafi ya raba ta da ƙwayoyin lantarkinta. Ƙugunta, wato tsakanin arewa da kudunta, na zagayowa cikin kwana 25, kusa da ƙuryoyinta na arewa da kudu kuma kusan 35, don haka layukan maganaɗisu ke ta nannaɗewa har su ɓullo waje a matsayin baƙaƙen tabo. George Hale ne ya gano maganaɗisu a tabon nan a 1908. Duk shekara 11 arewa da kudunta na musanya, sai 22 su koma yadda suke.

Duniyar Mas ta yi nata dinamon ya mutu kusan shekara biliyan 4 da suka wuce, saura tabonsa a duwatsu. Jufita kuma da haidurojin take yi, wanda matsi ya mayar kamar ƙarfe.

Tunda karatu za ka zurfafa, shawarata ka fara ƙwarewa a lissafin gudanar ruwa da dokokin Maxwell na lantarki da maganaɗisu kafin ka taɓa kwamfuta, don a mahaɗarsu fannin yake. Ka riƙe lambar Reynolds ta maganaɗisu da kyau: ita ke auna ko gudana ta fi ƙarfin dusashewa, kuma sai ta kai 'yan gomomi dinamo ke tashi. Shi ya sa yin sa a ɗakin gwaji ya yi wuya, har sai 1999 aka dace a biranen Riga da Karlsruhe, da narkakken sodiyam.